Abinci da bangon hanji: tambayoyi da amsoshi

Bangon hanji yana da aiki biyu masu karo da juna. Dole ya bar ruwa da narkakken abinci su wuce zuwa cikin jini, dole kuma ya tare ƙwayoyin cuta da gubar da suke fitarwa. Yadda yake iya wannan aiki ya dogara sosai ga abin da ke bi ta cikinsa kullum, domin hanji yana samun kaso mai yawa na abincinsa kai tsaye daga abin da aka haɗiye, ba daga jini kaɗai ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Me ake nufi da shingen hanji?

Abubuwa huɗu ne suka haɗu suka zama shinge. Na farko yauƙin da ke lulluɓe cikin hanji. A babban hanji wannan yauƙi hawa biyu ne: na waje sako-sako ne, bakteriya suna zaune a cikinsa, na ciki kuwa mai kauri ne, kuma a lafiyayyen mutum kusan babu bakteriya a cikinsa. Na biyu shi ne ƙwayoyin halittar bangon kansu, waɗanda jeri ɗaya tak ne, wato tsakanin abin da ke cikin hanji da naman jiki babu komai sai kaurin ƙwayar halitta guda. Na uku wasu furotin ne da ke ɗaure kowace ƙwaya da maƙwabciyarta don kada wani abu ya kurɗa ta tsakani, manyansu su ne kilodin da okuludin. Na huɗu garkuwar jiki, musamman sinadarin kariya na IgA da hanji ke zubarwa cikin yauƙin.

Ƙwayoyin bangon suna sabuntuwa duk kwana 3 zuwa 5, kuma faɗin cikin hanjin baligi, idan aka lissafa da lanƙwashe-lanƙwashensa, ya kai kusan murabba'in mita 30. Gini mai wannan girma da ake rushewa ana sakewa kowane mako ba ya jure ƙarancin kayan aiki. Shi ya sa tamowa take saurin taɓa hanji.

Ana ta maganar "yoyon hanji" a intanet. Cuta ce?

Ƙaruwar abin da ke ratsa bangon hanji gaskiya ce, ana iya auna ta, kuma an tabbatar da ita a cutar siliyak (rashin jituwar hanji da alkama), da cutar Kuron (wani kumburin hanji mai daɗewa), da ciwon hanta na giya, da tamowa mai tsanani, da ƙuna mai yawa. Amma ba cuta ce mai zaman kanta da likitoci suke rubutawa a kati ba. Alama ce da ke tafiya tare da wata matsala, kuma sau da yawa ita ce sakamakon cutar, ba sanadinta ba. Masu tallan magani da ke ɗora mata gajiya da ƙurajen fuska da ciwon gaɓoɓi da mantuwa gaba ɗaya sun wuce inda hujja ta tsaya.

Wane sinadarin abinci ne ya fi tasiri a kan bangon?

Ga babban hanji, harza ce, wato ɓangaren tsirrai da cikinmu ba ya iya narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, ganye, yauƙin kuɓewa da kuka. Harza tana wuce ƙaramin hanji ba a taɓa ta ba, ta isa babban hanji, bakteriya su tsima ta. Daga wannan tsimi ake samun wasu ƙananan sinadarai guda uku, asitet da furofiyonet da butiret, a kimanin kashi 60 da 20 da 20.

Butiret shi ne mai muhimmanci a nan. Ƙwayoyin bangon babban hanji suna samun kusan kashi 70 cikin 100 na kuzarinsu daga gare shi. Yana ƙara samar da yauƙi, yana ƙarfafa furotin ɗin ɗauri, yana kuma kwantar da kumburi. Akwai wani aikinsa da ba a cika ambata ba: yayin da ƙwayoyin bango ke ƙona butiret, suna shanye iskar oksijin da ke wurin, sai cikin hanji ya zauna babu oksijin. Bakteriya masu amfani haka suke so. Irin su Salmonella da E. coli kuwa sun fi bunƙasa idan oksijin ya samu. Ke nan idan butiret ya yi ƙasa, bango ya ji yunwa, miyagun ƙwayoyi kuma sun samu fili.

Idan harza ta yanke, bakteriya ba sa zama da yunwa. Wasunsu suna komawa cin yauƙin bangon, domin shi ma da sukari aka gina shi. A wani bincike da aka buga a 2016, an dasa wa ɓeraye bakteriyar hanjin ɗan Adam aka hana su harza. Yauƙin ya sirance, da aka sa musu ƙwayar cuta kuma sai ta kai ga bango cikin sauƙi, suka yi ciwo mai tsanani.

A mutane ma an ga abin da ya yi daidai da wannan. A 2010 an kwatanta yaran ƙauyen Bulfon a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Fulorans a Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan bakteriya masu narkar da harza, kuma bayan gidansu ya fi ɗauke da waɗancan sinadarai uku. A 2015 kuma an yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Waɗanda suka koma abinci mai harza, butiret ɗinsu ya ninka fiye da sau biyu, alamun kumburi a bangon hanjinsu suka sauka. Waɗanda suka koma abincin maiƙo marar harza, akasin haka ya faru. Mako biyu kacal.

Harza nawa ake buƙata, kuma daga ina?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2023, ta ce baligi ya samu aƙalla gram 25 a rana, tare da gram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace. Yaro mai shekara 2 zuwa 5 gram 15, mai shekara 6 zuwa 9 gram 21, daga shekara 10 kuma gram 25.

Dafaffen wake gram 100 yana da harza wajen gram 6 da rabi. Dafaffiyar farar shinkafa mai nauyi ɗaya ba ta kai rabin gram ba. Gwaiba gram 100 tana da fiye da gram 5, dabino wajen gram 7, gyaɗa wajen gram 8, ɗanyar kuɓewa gram 3. Garin ɗan kuka, wato farin da ake kwaɓawa a sha, kusan rabin nauyinsa harza ne. Aya da gurjiya ma suna da ita sosai, sai dai kunun aya da aka tace aka zubar da tukar ya rasa mafi yawanta.

Daga waɗannan alƙaluma za a ga inda matsalar take. Wanda ya karya da burodi da shayi, ya ci farar shinkafa da miyar tumatir da rana, ya kwana da taliya, da wuya ya kai gram 10. Wanda ya ci ƙosai ko alale da safe, shinkafa da wake da kwaɗon zogale da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare, zai kai gram 25 ba tare da ya sayi komai a kemis ba. Surfe yana da nasa rabon: gwargwadon yadda aka surfa gero ko dawa ya yi fari tas, gwargwadon harzar da ta tafi cikin dusa. Ga manya, surfe sama-sama ko niƙa hatsi da dusarsa ya fi.

Ya kamata kuma a riƙa sauya iri, domin kowane rukunin bakteriya da irin harzar da yake ci. Albasa da tafarnuwa suna da tasu, wake da tasa, yauƙin kuɓewa da karkashi da lalo daban. Shinkafa ko dankalin da aka dafa ya huce, wani ɓangaren sitacinsa yana sauyawa ya ƙi narkewa a ƙaramin hanji, ya zama abincin bakteriya. Amma shinkafar da ta wuni a ɗaki mai zafi tana haifar da gubar abinci, saboda haka sai in akwai firij.

Idan na ci wake cikina yana kumbura. In daina?

A'a, a rage sannan a ƙara a hankali. Iskar daga tsimin nan ne da ake nema, kuma bakteriyar hanji suna sabawa cikin mako 2 zuwa 4. A fara da cokali biyu ko uku a rana. A jiƙa wake awa 8 zuwa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a dafa da sabon ruwa har ya yi lugub. A ƙara shan ruwa, domin harza ba ruwa tana iya ƙara taurin bayan gida. Kanwa tana sa wake saurin nuna, amma yawanta yana lalata bitamin B1, don haka jiƙo ya fi ta.

Wanda aka taɓa gaya wa yana da toshewa ko ƙuntatar hanji, ko yake tsakiyar tashin cutar kumburin hanji, kada ya ƙara harza sai da izinin likitansa.

Me ya sa ake yawan ambaton sinadarin zink?

Saboda duk ƙwayar halittar da za ta rabu gida biyu tana buƙatarsa, kuma babu inda ake rabuwa da sauri kamar bangon hanji. Idan zink ya yi ƙaranci, gyaran bango yana jinkiri, ɗaurin tsakanin ƙwayoyi yana sassautawa, gudawa tana zuwa. Gudawar kuma tana fitar da zink a bayan gida, sai ƙarancin ya ƙaru. Jiki ba shi da wata babbar ma'ajiyar zink, dole a samu a kai a kai.

Namiji baligi yana buƙatar kimanin miligiram 11 a rana, mace 8. Jan nama, hanta, kifi, ƙwai, gyaɗa, riɗi, agushi da wake duk suna da shi. Matsalar hatsi da wake ita ce wani sinadari mai suna fayitet da ke cikin dusa, wanda yake kama zink da ƙarfe ya hana hanji tsotse su. A nan ne aka samu tsaka mai wuya: dusar da ke kawo harza ita ce ke ɗauke da fayitet. Surfe yana rage fayitet, amma yana tafiya da zink ɗin kansa.

Mafita tana cikin dabarun da aka daɗe ana yi a gidaje. Jiƙa hatsi, barin sa ya tsiro kwana 2 ko 3, da barin ƙullu ya kwana ya yi tsami kamar na koko ko waina, duk suna karya fayitet, tsiro da tsami sun fi jiƙo kaɗai ƙarfi. Ɗan nama ko kifi a cikin miya, ko kaɗan ne, yana ƙara yawan zink da ake tsotsa daga tuwon. Idan dawa ce aka bari ta tsiro, a shanya ta a murje saiwa da tohon a zubar, domin tohon dawa yana da guba.

Ƙwayar zink ba abin sha kullum ba ce. Wuce miligiram 40 a rana na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin tagulla, wanda ke jawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi.

Yaro yana gudawa. A dakatar da abinci don hanji ya huta?

Wannan kuskure ne mai tsada. Hanjin da babu abinci a cikinsa ba hutawa yake yi ba, tsotsewa yake yi. Ko marar lafiyan da ake ciyarwa ta jijiya kaɗai, 'yan tsirarun hanjinsa, wato ƙananan tsiro masu kama da yatsu da ke tsotsar abinci a ƙaramin hanji, suna gajarcewa, shi ya sa likitoci suke hanzarin mayar da shi ci ta baki ko ta bututu.

Abin da za a yi: a ci gaba da ba da nono, har a ƙara yawan sa. A haɗa ruwan gishiri da sukari na leda da adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, a zubar da ragowar bayan awa 24. Yana aiki ne saboda hanji yana ɗaukar gishiri da sukari tare ta ƙofa ɗaya, ruwa ya bi su, kuma wannan ƙofa tana aiki ko ana cikin gudawa. Idan aka cika sukari, ko aka ba da lemon kwalba a madadinsa, sukarin yana jawo ruwa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Sai zink: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, jariri ƙasa da wata 6 kuma miligiram 10. Wannan shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar a 2004. Ana narkar da ƙwayar a cokalin nono ko ruwa mai tsabta, kuma ba da ita bayan yaro ya ci wani abu yana rage amai. Inda aka fi yin sake shi ne dainawa a kwana na uku da gudawa ta tsaya. Sauran kwanakin su ne na gyaran bango, su ne kuma ke rage dawowar gudawa cikin wata 2 zuwa 3 masu zuwa. Bayan ya warke, a ƙara masa ci sau ɗaya a rana na mako biyu.

Wani lokaci madarar shanu ko ta gwangwani tana ƙara gudawar da ta daɗe, domin sinadarin da ke narkar da sukarin madara yana can kan 'yan tsirarun hanji, wurin da ya fi saurin gogewa. Yakan dawo cikin makonni. Kindirmo ya fi sauƙin karɓuwa a wannan lokaci. Nonon uwa kuwa ba a dakatar da shi.

Yaro yana cin abinci, ba ya gudawa, amma ba ya girma. Hanji na iya zama dalili?

Ƙwarai. Akwai yanayin da ake samu a yaran da ke rayuwa inda ruwa da ƙasa da abinci suke gurɓace da ƙwayoyin bayan gida, na mutane ko na dabbobi. Yaro yana haɗiyar su kullum kaɗan-kaɗan, ba su kai su kwantar da shi ba, amma bangon hanjinsa yana cikin kumburi koyaushe. 'Yan tsirarun suna gajarcewa, tsotsar abinci tana raguwa, gubar bakteriya tana ratsawa cikin jini, jiki ya karkatar da abin da ya samu wajen yaƙi maimakon girma. A binciken da aka yi wa jarirai a karkarar Gambiya aka buga a 1991, an danganta har kashi 43 cikin 100 na tsayawar girmansu da wannan lalacewar bango.

Shi ya sa ƙarin abinci kaɗai ba ya cika gyara tsumburewa. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Bangaladesh da Kenya da Zimbabuwe sun nuna kuma cewa gina masai da koyar da wanke hannu su kaɗai ba su ƙara tsawon yara ba, alamar cewa gurɓacewar ta fi ƙarfin gyaran sama-sama. A gida, abin da ke hannun iyaye shi ne shimfiɗa tabarma mai tsabta ga yaro mai rarrafe, raba shi da kashin kaji da na awaki, tafasa ruwan shansa, da ƙin ba shi kunun da ya wuni a kwano sai an sake tafasa shi.

Kunun yaye ma yana da nasa laifin. Ana tsinka shi da ruwa don ya shawu, sai ya zama ciki ya cika amma babu abin kirki. Gara a dama shi da kauri, a zuba garin gyaɗa ko waken suya ko ƙwai, domin yauƙin hanji da ƙwayoyinsa da furotin ake gina su. Idan ya yi kauri da yawa, ɗan garin tsiron gero da aka barbaɗa bayan ya ɗan huce yana tsinka shi ba tare da ƙarin ruwa ba. Ga yaro ƙasa da shekara 2 ba a cika dusa, cikinsa ƙarami ne.

Dakashi yana da illa ga jariri?

Ba shi da illa, kuma zubar da shi asara ce babba. Jariri yana zuwa da bangon hanji da bai gama ƙwari ba. Dakashi cike yake da IgA da ke shafe bangon, da sinadaran da ke sa ƙwayoyinsa girma, da bitamin A. Nonon uwa kuma yana da wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, an tanade su ne don ciyar da bakteriya masu amfani da ake kira Bifidobacterium. Ruwa, zuma, jiƙo ko madarar dabba kafin wata 6 suna shigar da ƙwayoyin cuta daidai lokacin da shingen ya fi rauni. Zuma musamman ba a ba yaro ƙasa da shekara ɗaya.

Bitamin A da D fa?

Bitamin A yana sa ƙwayoyin bango su balaga daidai, ciki har da masu yin yauƙi, yana kuma jagorantar ƙwayoyin garkuwa masu yin IgA zuwa hanji. A Gambiya an lura bangon hanjin jarirai ya fi kyau a lokacin mangwaro. Ana samunsa a hanta, ƙwai, manja, karas, kabewa, gwanda, zogale da dankalin Hausa mai launin lemo, kuma sai da ɗan mai a abincin ake tsotsarsa. Manjan da aka soya har ya yi fari ya rasa nasa. Ɗigon da ake yi wa yara a makon lafiyar uwa da yaro awo 100,000 ne ga 'yan wata 6 zuwa 11, da 200,000 ga 'yan wata 12 zuwa 59, duk wata 4 zuwa 6. Mai ciki ba ta shan irin wannan babban awo, yana iya nakasa ɗan tayi.

Bitamin D yana da hannu wajen ƙera furotin ɗin ɗauri, amma mafi yawan hujjar daga dabbobi take. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci ya gyara, musamman wanda ba ya shiga rana.

Maganin ƙarin jini yana taɓa hanji?

Yana taɓawa. Kaɗan ne daga sinadarin ƙarfen da aka sha ake tsotsa, sauran yana gangarawa babban hanji, kuma miyagun bakteriya sun fi masu amfani son sa. A binciken yaran makaranta a Kodebuwa a 2010 da na jarirai a Kenya a 2015, ƙarin ƙarfe ya ƙara miyagun bakteriya da alamar kumburin hanji. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne ga mai ciki ko mai ƙarancin jini, amfaninsa gare su ya rinjayi illar. Dalili ne na daina saya wa yaro ruwan ƙarin jini haka kawai ba gwaji. Yaro mai tamowa mai tsanani ba a fara masa ƙarfe sai ya fara farfaɗowa.

Maiƙo, sukari da abincin leda suna lalata bangon?

Abinci mai maiƙo sosai yana sa gubar LPS, wadda ke jikin wasu bakteriya, ta bi ƙwayoyin kitsen da hanji ke tsotsa zuwa jini. Yana kuma ƙara zubar ruwan matsarmama, wanda bakteriya ke juyawa zuwa sinadarai masu gogar bango. An nuna wannan sosai a ɓeraye tun 2007, a mutane kuma ana ganin LPS ya ɗan hau bayan cin abinci mai yawan kitse.

Sukari mai yawa a lokaci guda, musamman na abin sha, yana fin ƙarfin ƙaramin hanji ya malala zuwa hanta da babban hanji. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kusan gram 50 ne a rana ga baligi, ƙasa da 25 ya fi, alhali kwalbar lemo guda tana da wajen gram 35.

Akwai kuma sinadaran da kamfanoni ke sawa don mai da ruwa su haɗu a askirim da wasu kayan leda. Biyu daga ciki, masu lamba E466 da E433, sun sirantar da yauƙin hanjin ɓeraye a binciken 2015. Wani ƙaramin gwaji a mutane a 2022 ya nuna E466 ya sauya bakteriyar hanji. Amma babbar ɓarnar irin waɗannan abinci ita ce gurbin da suke ci: duk cikin da ya cika da biskit da taliyar leda, wake da ganye ba su shiga ba.

In sayi garin gulutamin da ake tallatawa?

Gulutamin shi ne babban makamashin ƙwayoyin ƙaramin hanji, wannan gaskiya ne. Amma jiki yana ƙera shi da kansa, yana kuma cikin duk abinci mai furotin. Lafiyayyen mutum ba ya buƙatar ƙari. A wani babban gwaji na 2013, marasa lafiya masu tsanani da gaɓoɓin cikinsu suka fara gazawa, waɗanda aka ba gulutamin mai yawa sun fi mutuwa. Mai ciwon hanta ko ƙoda ya nisance shi sai da likita.

Alkama tana huda hanji?

Ga mai cutar siliyak, furotin ɗin gulutin da ke cikin alkama da sha'ir yana sa garkuwar jiki ta auka wa bangon ƙaramin hanji har 'yan tsirarun su baje. Kusan mutum 1 cikin 100 ne a duniya, kuma ba cutar Turawa kaɗai ba ce: a 1999 an samu kashi 5.6 cikin 100 a yaran Sahrawi da ke sansanonin Aljeriya. Alamunta gudawa mai daɗewa, kumburin ciki, ƙarancin jinin da ba ya jin magani, da rashin girma. A yi gwajin jini kafin a daina cin alkama, domin idan an daina gwajin yana fitowa kamar babu komai. Gero, dawa, masara, shinkafa da acca ba su da gulutin. Wanda ba shi da cutar ba shi da dalilin guje wa alkama, illa dai farar fulawa ba ta da harza.

Kindirmo, daddawa da koko suna gyara hanji?

A bambanta mai rai da dafaffe. Kindirmo da nono suna ɗauke da bakteriya masu rai. Wani gwaji na mako 10 a jami'ar Istanfod a 2021 ya nuna yawaita cin irin waɗannan abinci ya ƙara nau'o'in bakteriyar hanji, ya rage alamun kumburi a jini. Daddawa a miya da koko kuwa an dafa su, ƙwayoyin sun mutu, amfaninsu shi ne raguwar fayitet da sauƙin narkewa. Sharaɗin kindirmo shi ne a tafasa madarar kafin a tsima ta, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar burusela, kuma kada a sirka da ruwan da ba a yarda da shi ba.

Gyaɗa ko masara mai fumfuna fa?

Fumfuna yana fitar da gubar aflatoksin, wadda dahuwa da suya ba sa kashewa. An fi sanin ta da kansar hanta, amma a gwajin dabbobi tana raunana ɗaurin bangon hanji, kuma binciken 2002 a Benin da Togo ya nuna yaran da suka fi ta a jini sun fi tsumburewa. A shanya amfanin gona a kan tamfol ba a ƙasa ba, ya bushe sarai kafin ya shiga rumbu ko buhu. A tsince ƙwayoyin da suka canja launi, suka motse ko ƙwari suka huda, a zubar. Gyaɗar da aka ware a matsayin marar kyau ita ce sau da yawa ke ƙarewa a ƙuliƙuli da tunkuza, don haka a lura da inda ake saye. Manoma suna da Aflasafe, maganin rage aflatoksin a gona na cibiyar binciken noma ta IITA, ana watsa kilo 10 a hekta mako 2 zuwa 3 kafin fure.

Ban da abinci, me ke saurin buɗe bangon?

Giya, kai tsaye. Jiki da bakteriya suna juya ta zuwa asitaldihaid, wanda ke kwance furotin ɗin ɗauri, gubar LPS ta wuce zuwa hanta. Sai magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ke ƙara ratsuwar ƙaramin hanji cikin awa 24, shan su kullum kuma yana kawo gyambo da zubar jini a ɓoye. Aiki mai nauyi a tsananin zafi ba ruwa yana janye jini daga hanji zuwa fata da tsoka, bango ya galabaita. Lebura ko manomi da ya haɗa zafin bazara da ƙishirwa da waɗannan ƙwayoyi a kan yunwa ya tara abu uku a kan hanjinsa, da ƙodarsa ma. Maganin kashe bakteriya da aka sha ba bisa ƙa'ida ba yana share masu yin butiret, farfaɗowarsu kuma tana ɗaukar makonni ko watanni.

Azumin yini na awa 13 ko 14 ba ya tsotsar da hanjin lafiyayye. Abin kula shi ne buɗe-baki da sahur su ƙunshi ruwa isasshe da harza, kada su ƙare a soye-soye da zaƙi.

Akwai gwajin da zai nuna halin bangon hanjina?

Masu bincike suna ba mutum ya sha sukari iri biyu, laktulos mai manyan ƙwayoyi da manitol mai ƙanana, su tara fitsarinsa na wasu awowi. Yawan laktulos a fitsari yana nuna ɗauri ya saki, ƙarancin manitol yana nuna filin tsotsa ya ragu. Gwajin bincike ne, ba a yanke magani da shi. Gwajin zonulin da ake sayarwa kuwa an gano ba ya auna furotin ɗin da yake iƙirari yadda ya kamata, kada a kashe kuɗi a kai.

Abin da ke buƙatar asibiti ba tare da jira ba: jini ko baƙin bayan gida, gudawar da ta wuce kwana 14, ramewa ba dalili, ƙarancin jini mai dawowa, ciwon cikin da ke tada mutum daga barci, ko sauyin yanayin bayan gida ga wanda ya haura shekara 45. Ga yaro kuma, faɗawar ido, kasa shan nono ko ruwa, yawan barci marar dalili, ko kumburin ƙafafu biyu, a kai shi a ranar.